Mishan na Ƙarshe a Ƙofar Taramniya

Litinin 5 ga Mayu, da hantsi

An gama magana da Abdulshakur. Shagon gem ya koma hannunsa, ni na zama baƙo a kan bencin da na ƙera da kaina. Dama shagon a jikin gidan mahaifinsa yake, haya nake tun Abdulshakur na firamare, a ajin matata Naomi, da majina a hanci. Yau shi ke koya min yadda kasuwa take. Abin haushin, gaskiya yake faɗa.

Duk tibin da ke jikin bango ƙwallo ake bugawa a kai, sai guda ta harbi. Saura ta lungu, tsohuwa mai ƙaton ƙeya, wadda na bar wa mishan, wato gem ɗin labari. Ita yake so ya ɗauke ya kafa sabuwa. Mahaifinsa, Malam Abdulwahabu, ya ce ba mai taɓa lungu sai ni da shi mun ga ƙarshen mishan ɗin da muke bugawa, Mai Fitila. Abdulshakur ya sunkuyar da kai ya ce to. Ya tambaye ni ko da saura da yawa. Na ce da saura.

Ran da Mai Fitila ya ƙare, lungu ya tafi. Ran da lungu ya tafi, ba ni da abin da zan nuna in ce shi ya riƙe ni a Sakkwato.

Ɗiyata Gloria ta kira daga Kagoro. Hannuna na cikin janareta, ban ɗauka ba.

Laraba 7 ga Mayu, bayan la'asar

Malam ya fito da tirensa na ƙwallayen dabino. Haka muke yi tun da idonsa ya rufe. Ni ke riƙe da hannun gem, ina faɗa masa abin da ke fuskar tibi, ina juya masa Turancin mutanen ciki zuwa Hausa. Shi kuma yana jera ƙwallayen a tire: wannan rijiya ce, wannan maƙera, wannan gada. Garin kaf yana cikin tirensa. Shi ke cewa mu yi gabas, ko mu koma wurin tsohuwar nan mu ba ta igiya. Ni ido ne da ƙafa kawai. Jagora yake ce min, har mutanen unguwa sun ɗauka.

Labarin ba shi da hayaniya. Wani mutum ne da fitila ya zo garin da rijiyoyinsa suka ƙafe, yana neman inda ruwan ya maƙale. Ba harbi, ba gudu. Sai tambaya, da tsintar kaya, da buɗe ƙofa. Tun ranar farko Malam ya sa na kashe kiɗan, ya ce a bar masa takun ƙafa da motsin iska, su ne idonsa.

Na tuna yadda ya fara. Lokacin benci na cika da masu kallon mishan kamar ana fim, ni ina fassara. Muka maƙale a wani wasa har samari suka fara tsine wa waɗanda suka ƙera shi. Sai ga muryar Malam daga tabarmar ƙofar gida: "Ku koma ga mai gadin nan, ƙarya yay yi maku. Ya ce bai hita ba, ku ko kun ce takalminai da laka." Ashe duk kwanakin yana saurare. Aka koma, aka tsare mai gadi, ya ba da makulli. Shago ya ɗauki shewa kamar an ci kofi.

Mutum ne da ya yi aikin rabon gado a kotu har ya ajiye. Ya ce da mishan da gado abu guda ne: ka saurari kowa, ka riƙe abin da ya faɗa, ka nemo wanda aka manta. Masu cewa bai dace malami ya zauna gidan gem ba sun faɗa har sun gaji. Amsarsa ɗaya ce, kiran salla bai taɓa samunsa zaune ya ƙi tashi ba, kuma shi ke kora musu 'ya'yansu masallaci.

Yau mun sauka ɗakin ƙarƙashin ƙasa. Na faɗa masa matakala ce ta dutse, ga fasassun randuna, ga bango mai zanen kifi, harshen fitila yana karkata hagu. Ya ce jikinsa na ba shi mun zo. Aka kira magariba, na ajiye wasan a memori, ɗan katin da ke riƙe inda muka tsaya.

Alhamis 8 ga Mayu, da sassafe

Gloria ta turo saƙon murya. Na ji rabi.

Asabar 10 ga Mayu, da azahar

Na shiga kasuwa wurin Joshua mai ɗura gem, in ga ko za a sami wani mishan. Ya yi dariya har da riƙe ciki. Ya ce rabon da wani ya tambaye shi irin wannan, sai ni, kuma kafin ni ma ni ne. Masu kawo kaya daga kudu ba sa ɗaukowa. Ya ce yadda ya ji, can inda ake ƙerawa ma sun rage, don ƙwallo da harbi kowace shekara a canza musu riga a sake sayarwa, mishan kuwa in ka ga ƙarshensa sau ɗaya ka gama da shi.

Da na dawo na faɗa wa Abdulshakur da zafi, kamar shi ya yi laifin. Bai ɗaga murya ba. Ya ce Baba Barnabas, duba mana. Ƙwallo mutum biyu ke zama, kafin shayi ya huce an tashi, wanda aka ci ya miƙe wani ya zauna. Mishan mutum ɗaya ya riƙe tibi tun hantsi har yamma, goma na kallo a banza, janareta na shan mai. Da can da wuta da arha, ana iya wannan alherin. Ya ce kuma wanda ke son labari yanzu yana da shi a waya, a kwance.

Na ce labarin waya kallo ne, mishan shiga ne. Ya ce haka ne. Wannan "haka ne" ɗin ya fi gardama ciwo. Yaron ba ya ƙin abin, lissafinsa ne bai karɓa ba. In kiɗa ya canza rawa ma sai ta canza, na sani. Ni ƙafata ce ta tsufa.

Zafi yau kamar a bakin maƙera. A gida Kagoro yanzu an yi shuka, dutse ya yi kore.

Lahadi 11 ga Mayu, bayan sujada

Matar fasto ta tsare ni a bakin ƙofa, ya jikin Mama Gloria, wato matata. Na ce da sauƙi. Ta ce yaushe zan je. Na ce ina ƙarasa wani aiki. Ta dube ni yadda mata ke duban mutum.

Talata 13 ga Mayu, bayan la'asar

Mun koma ɗakin ƙasa. Malam ya ce in zagaya a hankali in faɗi komai. Na zagaya. Randuna. Zanen kifi. Tulin itace a kusurwa. Ya sa na taɓa kowane kifi, na leƙa kowace randa, na gwada ɗan makullin ƙarfen da ya rage a jakar mutumin a jikin duk abin da ke da rami. Shiru.

Ya karkata kai ya ce yana jin ruwa, kaɗan-kaɗan, in mutumin ya tsaya gindin matakala. Na ce ƙila ƙarar fanka ce. Ya ce ƙila.

Na faɗa masa abin da na faɗa masa.

Ya ce to mu hau, akwai wanda ba mu saurara da kyau ba. Muka koma wurin maƙeri. Bai nuna gajiya ba ko kaɗan, har yana tsokanar maƙerin, wai bakinsa ya fi gudumarsa aiki. Ni kaina sai da na yi dariya.

Laraba 14 ga Mayu, da safe

Sifikar hagu ta tibin lungu ta daina magana.

Juma'a 16 ga Mayu, da yamma

Abdulshakur ya haɗa gasar ƙwallo bayan an sauko masallaci. 'Yan Ƙofar Rini da 'yan Ƙofar Dundaye, har waje mutane. Na zauna a lungu da niyyar in ji haushi, ban samu yadda nake so ba. Akwai wani dogon tela, yatsunsa kamar ba ƙashi, ya ci wata ƙwallo da ni kaina na miƙe tsaye. Wanda aka ci ya rufe fuska da hula, abokansa na masa waƙar zolaya. Wannan ma abu ne. Ba zan yi ƙarya a littafina ba, rabon da shagon nan ya yi irin wannan rai an daɗe.

Amma da aka watse ba wanda ya tafi da komai. Gobe sifiri da sifiri za su fara. Masu mishan na da, har gida suke tafiya da tambaya, su kwana da ita, wani ya zo da asuba yana buga min ƙofa wai ya gano. Ɗaya yanzu likita ne, ɗaya direban tirela. In mun haɗu ba sa tambayar lafiyata sai sun tambayi ko har yanzu ina da wasan nan na jirgin ruwa.

Abdulshakur ya ji labarin sifika. Ya ce, kai da ka gyara tibin rabin garin nan, Baba, sifika ɗaya ta gagare ka? Na ce sai an samo irinta.

Litinin 19 ga Mayu, da hantsi

Na ji ɗaya rabin saƙon Gloria.

Naomi tana cin abinci. Tana barci. Ta daina fita neman ajinta da safe tun da suka sa sakata. Ranar Laraba ta ɗauko hoton bikinmu daga kan kabad, ta daɗe tana kallo, ta tambayi Gloria wane ne wannan mai siririn wuya.

Gloria ba ta yi kuka a saƙon ba. Gara da ta yi.

Na wanke janareta, ba ta yi datti ba.

Laraba 21 ga Mayu, bayan la'asar

Malam ya ce mu sake sauka. Muna ciki Abdulshakur ya kawo wa mahaifinsa ruwan sanyi, ya tsaya a bayanmu. Mutumin fitila na tsaye gindin matakala. Malam ya ce in sake faɗa masa ɗakin tun daga farko. Na faɗa. Randuna. Kifi. Itace.

Ina jin numfashin Abdulshakur a ƙeyata. Idonsa lafiya lau, tibi a gabansa.

Malam ya juya kai ya ce, Abdu, kai ko ka ga wani abu? Abdulshakur ya ce shi bai san kan mishan ba, Baba Barnabas ne idon lungu. Ya ɗauki kofi ya fita.

Sabuwar tibin da ya saya tana jingine a bayan ƙofa cikin kwalinta. Kalma ɗaya yau da ta hau bango gobe. Bai faɗa ba. Da za a rufe shago ma bai ɗago zancen ba, sai ya tambaya ko na ci abinci.

Naomi ta taɓa cewa yaron nan ba ya kai ƙarar kowa, ko an ci masa biro. Na ɗauka rashin wayo take nufi.

Alhamis 22 ga Mayu, da azahar

Hadari ya haɗu ta gabas, ya yi ta cika baki, ya watse.

Asabar 24 ga Mayu, da yamma

Mun zagaye garin kaf. Tsohuwa mai igiya, maƙeri, mai kwalekwale, makarantar da ba ɗalibai. Malam ya sa na maimaita masa maganar kowa, yana taɓa ƙwallayensa ɗaya bayan ɗaya. Akwai abin da mai kwalekwale ya faɗa tun watan azumi, ni da na fassara na manta, shi ya kawo shi kalma da kalma.

Ban taɓa ganin mutum mai riƙe amanar magana irinsa ba. Ido ya tafi, bai taɓa cewa kaito a gabana ba. Ya ce da yana gani, fuskar masu gado ke ruɗa shi, mai kuka ya fi mai gaskiya samun tausayi. Yanzu murya kawai yake ji, murya kuwa ba ta iya kwalliya.

Wani saurayi da ke jiran layin ƙwallo ya ce Malam a haƙura mana, ƙila faifan ne ya lalace. Malam ya ce a'a. Ya ce wanda ya tsara wasan nan, ko wane ne, ko a ina yake, ba azzalumi ba ne. Tun da muka fara bai taɓa ba mu makulli babu ƙofa ba. In mun rasa, laifin namu ne.

Ya yarda da mutumin da bai taɓa gani ba, a ƙasar da bai san sunanta ba. Ya yarda da ni.

Ban iya cin tuwo ba.

Lahadi 25 ga Mayu, da hantsi

Ban je sujada ba. Hajiya Sadiyatu, matar Malam, ta aiko min da masa da miya. Ta leƙo ta zaure da kanta, ta ce jiya sun daɗe a waya da Gloria. Ba ta ƙara komai ba, sai ta ce in dawo mata da kwanonta.

Talata 27 ga Mayu, bayan magariba

Zan rubuta shi yadda ya faru.

Malam ya fito da wuri, kafin samari su taru. Bai zo da tire ba. Ya zauna ya ce in kunna, in kai mutumin gindin matakala in ajiye hannun gem a benci. Na yi.

Ya ce zai gaya min ɗakin, in gyara masa in ya yi kure. Gabas randuna. Kudu zanen kifi. Yamma itace. Arewa bai ambata ba.

"Jagora, ɗaki bango nawa gare shi?"

Na ce huɗu.

"To. Ran da munka sauka ka ce harshen hitila na karkata hagu. Wuta ba ta karkata sai da iska, iska ba ta shiga sai da kahwa. Daga ranan ba ka sake ambaton hitila ba. Na ce ina jin ruwa, washegari sifika tam mutu. Kai da kunnenka ke gane ciwon tibi tun daga bakin titi."

Na buɗe baki in ce wani abu game da waya da ta tsinke. Ya ɗaga hannu. Ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

Na ce akwai ƙofa. Ƙarama, ta ƙarfe, a bayan matakala, ruwa na tsattsafowa ta ƙarƙashinta. Na gan ta tun ranar farko, bayan an kira magariba ya miƙe.

Ya ce ya sani tun satin farko. Na ce to me ya sa ya bar ni ina yawo da shi gari kamar mahaukaci? Ya ce shi ma yawon bai ƙi ba, maƙerin nan na ba shi dariya. Kuma a kotu ya koyi cewa in mai shaida ya tsallake wani ɗaki a lissafin gida, ba a fizgo shi, akwai abin da ke cikin ɗakin. Jira ake. Amma ya ga jiran ya fara cin wata wadda ba ta cikin wasan.

Ya kira sunana na gaskiya, abin da ya daɗe bai yi ba.

"Barnaba. Ni ban san hwuskar jikokina ba, ko guda. Kullum sai sun hwaɗa man ko su wa ne. Ba su daina shigowa ba."

Na ce ba ɗaya ba ne, Malam. Shi ya san su in sun faɗa.

Ya ce haka ne, ba ɗaya ba ne. Bai yi min wa'azi ba, bai ce Naomi za ta gane ni ba. Ya ce kawai shi bai san abin da ke bayan waccan ƙofar ba, ni ma ban sani ba, ji nake yi a waya, kuma ni na fi kowa sanin gani ya kori ji tunda da shi nake cin abinci.

Na ɗauki hannun gem na ce to bari mu buɗe, a gama. Ya ce kul. Ya ce in matsa da mutumin har bakin ƙofa, makulli a hannu, in ajiye wasan a nan. Na ajiye. Ya miƙo tafin hannu. Na zare memori na sa masa. Ya lalubi aljihun gaban rigarsa ya jefa, ya dafe.

Ya ƙwala wa Abdulshakur kira, ya ce ya sauke masa alkawari, gobe ya kafa tibinsa. Abdulshakur ya ce ai ba a ga ƙarshe ba. Malam ya ce an ga inda ƙarshen yake, ya isa. A kai tsohuwar tibi da na'urar ɗakinsa, a rufe da zane.

Da zai shiga gida ya tsaya ya ce, kafin a ɗauke ta in mayar da wayar sifika inda na cire ta.

Laraba 28 ga Mayu, da azahar

Na mayar. Ko minti ba ta ci ba.

Ni na riƙe wa Abdulshakur tsani ya kafa sabuwar. Faɗinta ya kusa cika bangon, ciyawar filin har ƙyalli take. Kafin mu share ƙura mutum biyu sun zauna. Na tsaya na kalli lungu ina neman baƙin ciki, sai na tarar gajiya ce ta fi yawa.

Na ce masa na gode da ranar Laraba. Ya yi kamar bai gane ba. Da na nace, ya ce Malama Naomi ce ta koya masa karatu, ta riƙe hannunsa a kan allo. Ya ce in gaishe ta, ko ba za ta... Bai ƙarasa ba. Ya hau gyara wayar da ba ta buƙatar gyara.

Yaron zai riƙe shagon fiye da yadda na riƙe. Mishan kuwa ya ƙare a unguwar nan, ba wanda ya kashe shi, zama ne ya yi tsada.

Na mayar wa Hajiya kwanonta. Na kira Gloria. Ta ce "Baba" sau ɗaya, na ce mata gobe zan taso.

Alhamis 29 ga Mayu, da sassafe, a tasha

Malam ya sa an kawo shi a bayan babur, abin da bai taɓa yi ba. Raguna ko'ina, ana lodin na layya, ɗaya ya kusa ture shi, ya ce wa ragon ya yi haƙuri kwanansa ya kusa. Ya ba ni ƙullin dabino, ya ce in ci in adana masa ƙwallayen, gari na gaba zai fi wannan girma. Na ce babu gari na gaba, Joshua ya ce an daina kawowa. Ya ce to sai mu sake na jirgin ruwa, shi ya manta ƙarshensa. Ƙarya yake, ba ya manta komai.

Ya riƙe hannuna ya ce in na isa in kira in faɗa masa abin da na gani. Bango huɗu.

Asabar 31 ga Mayu, da yamma, Kagoro

An yi ruwa jiya, ƙasa na ƙamshi.

Naomi tana zaune a baranda da zanen da na saya mata a kasuwar Sakkwato, mai ganye. Ta rame. Gashinta Gloria ta kitse mata shi tsaf. Na tsaya a gindin mangwaro da jaka a hannu har kafaɗata ta gaji, sannan na ƙarasa.

Ta gaishe ni da kyau, irin gaisuwar da take wa iyayen yara. Ta tambayi hanya. Ta dubi jakar kayan aikina, ta ce ko ni ne mai gyaran da aka ce zai zo? Rediyonta ya daina magana, ta gaya wa mutanen gidan nan sun ƙi kula.

Na ce ni ne.

Na zauna a ƙasa kusa da ƙafarta na buɗe shi. Batir ne ya zuba ya ci ƙarfen. Aikin ɗan lokaci ne. Na kankare, na goge, ban ja shi ba, ban rage komai ba. Da ya kama tasha ta tafa hannu. Ta ce mijinta ma irin aikin nan yake, a Sakkwato, hannunsa da kyau amma ba ya son a gode masa. Ta ce in tsaya in ci abinci.

Na tsaya.

Malam ya riga ni kira. Ya ce, Jagora, mi kag gani? Na faɗa masa. Baranda, zane, mangwaro, rediyo, da abin da ta ce, da abin da ba ta ce ba. Ya saurara har na gama, ina jin samari na ihun ƙwallo ta bayansa.

Sannan na ji ya bubbuga aljihun rigarsa, inda ya jefa memori.

"Tana nan. Zamna inda kake, ƙohwa ba ta gudu."